Ni ma ƙugiyar ƙ ta taɓa kunyata ni a gaban jama'a

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Da na karanta tambayarki sai da na aje waya na yi shiru. Kin ce kin gama montaj, wato yanka da haɗa hotuna, na ɗan gajeren fim ɗinki, sunan fim ya zauna daram a kwamfutarki, amma da kika kai aikin wani sutudiyo don gyaran sauti sai ɗ da ƙ suka koma ƴan akwatuna, kuma wanda kika tura wa ƙawarki ta WhatsApp rubutun bai karantuwa. Kina tambaya wane polis, wato samfurin haruffa na kwamfuta, za ki ɗauka. Wannan ciwon na san shi, har yau tabonsa bai ɓace mini ba.

Bari in ba ki nawa tukuna. Wani Alhaji ne ya ba ni aikin fim ɗinsa a nan Yamai, lokacin zafi, cikin watan Afrilu. Muka yi ciniki jika ɗari da hamsin, ya ba ni jika sittin kafin alƙalami. Sunan fim ɗin da kalmar Ƙarya yake farawa. Kwana tara na yi a kan jenerik kaɗai, wato rubutun sunan fim da sunayen ma'aikatansa, ɗakin kamar tanda, fanka tana hura mini wuta. Na samu wani polis mai kauri da ya dace da labarin, na zauna ina matsa haruffa ɗaya bayan ɗaya har suka yi mini yadda nake so. Ana saura kwana biyu a haska fim, Alhaji ya aiko yaronsa da kile, wato filas na USB, wai in zuba masa aikin gaba ɗaya zai duba a gida. Na ba shi, ban kawo komai a raina ba. Ashe wurin ɗan ƙanensa ya kai, wai a ƙara girman sunansa kuma a saka sunayen abokansa ƴan kasuwa. Kwamfutar ɗan ƙanen ba ta da polis ɗina. Ƙ ta zama akwati, shi kuma ya goge ya buga K ta kowa da kowa, ya fitar da fim, ba wanda ya kira ni.

Ranar haskawa ina zaune layi na uku, sanye da shaddar da na ɗinka don ranar. Aka kashe fitilu, kiɗa ya tashi, sai ga KARYA ta cika bango. Wani daga baya ya ce "to ina karen?", ɗaki ya ɗauki dariya. Fim ne na tausayi, uwa ce take kuka a fitowar farko, amma mutane ba su daina ƙyaƙyata ba. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka tashi Alhaji ya nuna ni da yatsa a gaban baƙinsa ya ce ga wanda bai iya rubuta Hausa ba. Ni! Ɗan ƙanen nasa yana tsaye a gefe yana danna waya, ko ɗaga kai bai yi ba. Jika casa'in ɗina har yau suna wurinsa. Na yi zarya gidansa har mai gadi ya gane ƙarar babur ɗina, kullum Alhaji ya fita, Alhaji yana barci. Mun haɗu a wani ɗaurin aure bara, ya miƙo mini hannu yana murmushi kamar ba a yi komai ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, ga abin da nake yi tun daga ranar. Kafin in so kowane polis, sai na buga masa wannan layin: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ. In ko ɗaya ya ɓace, na wuce. Ki duba da kyau, don wani lokaci ba akwati za ki gani ba: manhajar ce za ta aro harafin daga wani polis a ɓoye, sai ki ga ƙ ɗin ta fi ƴan uwanta siranta, tana tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙuwa. Mafi yawan polis na ado da ake saukewa kyauta ba su san da zamanmu ba. Waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, sai Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, duk kyauta ne. Ki lura da ƴ musamman. Mu a Nijar ita muke rubutawa, a Najeriya kuwa 'y suke sawa, saboda haka polis ɗin da abokin aiki na Kano ya ce miki lafiya lau yake, ki gwada shi da kanki.

In kuma ranki ya kafe a kan wani polis na ado marar ƙugiya, sunan fim ai bai wuce kalma biyu ko uku ba. Ki rubuta shi a manhajar zane irin Inkscape ko Illustrator, ki mai da haruffan zane, ki ja ƙugiyar da hannunki, kaurinta daidai da kaurin sandar harafin. Kada ki ga kamar wahala ce. Marigayi Mustafa Alasan, mai fim ɗin zane, da ya zauna garinmu Tawa kuma ya rasu a 2015, da hannu ya riƙa zana kwaɗinsa hoto bayan hoto tun shekarun 1960. Mu da muke da manhajojin montaj irin Premiere da DaVinci Resolve da CapCut, ƙugiya ɗaya ce za ta gagare mu?

Babban abin dai, kada rubutu ya bar hannunki yana rubutu. Ki fitar da sunan fim da duk katunan jenerik a hoton PNG marar bango, girman 1920 da 1080, ki ɗora su a kan montaj. Daga nan ko kwamfutar wa aka buɗe, ba abin da zai motsa. Mai gyaran sauti ma ba ya buƙatar aikinki gaba ɗaya, bidiyo da sautin kawai za ki ba shi. Mai kuɗi kuwa in ya ce zai duba a gida, fitaccen bidiyo zai samu. Kuma don Allah ki karɓi aƙalla rabin kuɗinki kafin ki kunna kwamfuta, ki sa ya tabbatar da sunan fim a rubuce ta saƙo, ki adana. Na san ba wannan kika tambaya ba.

Maganar waya kuma, WhatsApp matse bidiyo yake yi, siraran layuka su ne farkon mutuwa. Jan rubutu a kan baƙi yana dagulewa, fari siriri a kan sararin hunturu ko yashi shi ma ɓacewa yake. Ki ƙara wa haruffa kauri, ki duhunta hoton da ke bayansu kaɗan, ki rabu da zinariya mai walƙiya da wutar da ke ci a jikin haruffa, irin na tsofaffin kasetin dandalin soyayya. Kowa ya yi wannan yarintar, ni ma na yi. Ki bar fili kashi 10 cikin ɗari a kowane gefe, wato ɗigo 192 dama da hagu, 108 sama da ƙasa, don wata talabijin tana yanke baki. Polis biyu sun isa fim guda. Wani abu da ba a faɗa: manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take leƙawa, in kin jera layuka daga hagu za ki ga wanda ya fara da su kamar ya shige ciki, sai kin ɗan jawo shi da ido. Ni gwajina na ƙarshe tsohuwar wayar innata ce mai tsagaggen gilashi. In na miƙa hannu da ita a tsakar gida da rana na karanta, aikin ya yi.

Tsawon lokaci kuwa, ki karanta katin da baki sau biyu a natse, sannan ki yanke. Sunan fim nakan ba shi daƙiƙa 4, hoto 100 ke nan a kan 25 a daƙiƙa. Jerin sunaye mai hawa sama yana yawan rawa in gudunsa bai daidaita ba, shi ya sa a gajeren fim na fi son kati bayan kati.

Af, sunayen mutane. Nan ma an taɓa yi mini fushi na wata uku. Wani Ousmane yake rubutawa, wani Usman, wata Aïchatou da ɗigo biyu a kan i, kuma polis ɗin sai ya kasance yana da wannan ma. Ki ba kowa takarda ya rubuta sunansa da hannunsa tun ranar ɗaukar hoto, har mai dafa shayi, ki ɗauki takardar a waya.

Ki turo mana hoton allon nan cikin zaure, da sunan polis ɗin da kika sa, in gani ko ƙugiyar za ta zanu. Gobe ina hanyar Tawa, sai mun tsaya Ƙonni zan buɗe waya, in kin ji shiru ki jira ni zuwa bayan isha'i.