Kafin ki watsar da littafin, duba wa aka mayar mayya a ciki

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da safe na ga tambayarki, cewa kina tsakiyar karanta wani littafin aljanu da matsafa har ya kai ba kya iya fita tsakar gida ke kaɗai da dare, sai kawai marubuciyar ta ɓige da zagin ɓangaren siyasar da ke kike so, shi ne kike tambaya wai siyasa ta dace da littafin ban tsoro kuwa, kuma ki ci gaba da bin marubuciyar ko ki watsar da ita. Na ga masu cewa ki watsar kawai, na ga masu cewa ai labari labari ne ba ruwanki da ra'ayin mai shi. Ni sai da na gama aikin gida na samu wuri na zauna, don maganar nan ta daɗe tana cina, ki yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ni tun zamanin haya na fara karatu, ƙarshen shekarun 1990 muna 'yan mata a Kano, akwai mai shago a bakin layinmu da yake saro littattafai daga kasuwar Sabon Gari, labari ɗaya a raba shi na ɗaya na biyu na uku, ki biya kuɗin haya ki dawo da shi gobe. Ƙawayena na soyayya suke bi, ni kuwa in dai babu maye ko fatalwa ko gidan da ba a iya kwana a ciki to ban ɗauka ba. Da fitilar ƙwai nake karantawa a ƙarƙashin gidan sauro, yanzu kuma ga shi a waya muke yi, a biya kuɗi a tura shaidar biya a saka ki a guruf. To kin ga na daɗe a harkar.

Abin da ya same ki ni ma ya same ni a 2019, lokacin zaɓen gwamnan Kano da aka ce bai kammalu ba sai da aka sake a wasu mazaɓu, kin san yadda gari ya ɗau zafi a watan Maris ɗin nan, wa da ƙani ba sa ga maciji. Muna bin wani labari a WhatsApp kullum feji ɗaya, labarin wani gida ne da ake jin ƙarar daka ƙarfe biyun dare daga sashen da aka kulle tun rasuwar uwargida, a je a buɗe a tarar da turmin a kife da ƙura a kansa amma taɓaryar da ɗumi kamar yanzu aka ajiye ta. Wallahi har yau in na tuna ɗumin taɓaryar nan sai tsigar jikina ta tashi. Ana cikin haka sai ga shugaban matsafan ya bayyana, marubuciya ta sa masa hula irin wadda kowa ya san ta wane ɓangare ce, ta ba shi feji guda yana jawabi irin na kamfe. Shikenan tsoro ya gudu. Daren nan ba wanda ya sake maganar turmi, zage-zage aka koma yi, mata masu 'ya'ya suna tsine wa juna, har sai da aka rufe guruf ɗin kwana biyu.

Dalilin da ya sa hakan yake kashe labari a ganina shi ne, tsoro ba ya kama mutum sai ya manta da cewa akwai wata a zaune tana dannawa a waya. Da zarar kin hango fuskar marubuciya da katin jam'iyyarta to kin fito daga gidan nan mai turmi, kin dawo ɗakinki. Don haka irin wannan siyasar ta liƙe, wadda za a iya cire ta labari bai rasa komai ba, ina tare da ke ɗari bisa ɗari, ɓata aiki ce.

Amma fa ban yarda da masu cewa labarin tsoro ba ruwansa da siyasa ba sam. Ki tuna labarin da aka fara koya mana a firamare, macijin rijiyar Kusugu a Daura da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da dare ya sare kansa, ya auri sarauniya Daurama, daga nan aka ce sarautar Hausa Bakwai ta samo tushe. Wannan ai labarin dodo ne, kuma labarin wa ya cancanci mulki ne, a tukunya ɗaya aka dafa su. Haka a Nijar wajen 1925 a yankin Filinge aka samu wasu sababbin iskoki da ake kira Babule, waɗanda in sun hau mutum sai ya dinga tafiya da tsawa irin ta sojan Faransa da kwamandansu, har Turawan mulkin mallaka suka kama masu yin suka ɗaure, don sun gane ba wasa ba ne. Mutane sun ɗauki abin da ya fi ba su tsoro a zahiri suka mayar da shi iska. Ko a rubuce ma, wanda ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ya fito a 1982 ya san tashin hankalin da ke ciki ba daga sama ya faɗo ba, daga abin da yaƙin basasa ya bari ne, makamai da mutanen da suka saba da jini. Kuma ke kanki kin san duk lokacin da zaɓe ya matso sai jita-jitar 'yan yankan kai ta ƙaru, uwaye su hana yara fita bayan magariba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, abin da talaka yake faɗa a ciki shi ne yana jin masu neman kujera za su iya cinye ɗansa su wuce. Marubucin da ya taɓo wannan tsoron ya iya taɓo shi bai ɓata labari ba, shi ne ma ya kai ƙashi.

To yanzu ga abin da ya sa na ce sai na zauna na ba ki amsa. Akwai siyasar da ta fi ta hula da jam'iyya girma a littattafan nan namu kuma ba mai yin faɗa a kanta, ita ce wa marubuci yake zaɓa ya mayar dodo.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da muke ce wa Iya mai daddawa, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, a wani ɗan ɗaki take a zauren wani gida, idonta kullum jajur saboda hayaƙin icen da take dafa kalwa da shi shekara da shekaru. Ina da shekara goma sha biyar ɗan maƙwabtanmu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi har yana fizge-fizge, cikin sambatu sai ya ambaci sunanta, ba mamaki don kullum ita ake aikensa wajenta sayen daddawa. Kafin la'asar magana ta zagaye layi, Iya ta kama kurwar yaro. Da idona na ga an janyo ta, zaninta yana kwancewa tana riƙewa da hannu ɗaya, ɗan kwalinta ya faɗi a kwata ba wanda ya ɗauka, aka sa ta tsallaka yaron sau uku, aka ba ta ruwa ta kuskure baki aka ɗura masa. Ba ta yi gardama ba, abin da kawai take maimaitawa shi ne Allah ya sani, Allah ya sani. Da dare jikin ya ƙi, kawunsa ya zo ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, aka yi masa allurai da ƙarin ruwa ya tashi. Amma a layi cewa aka yi ai don ta tsallaka ne ta sake shi.

Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen daddawarta. Yara suna jifan ƙofarta. Ni kuma, kuma wannan ne yake hana ni sukuni har yau, in ta gaishe ni sai in tofa addu'a in canza hanya, matar da take ba ni gyara tun ina ƙarama. Na yarda mayya ce ba tare da kokwanto ba don ta yi daidai da duk wata mayya da na taɓa karantawa, tsohuwa, matalauciya, jan ido, ba ta da kowa. Littafi bai ƙirƙiro zargin maita ba, tun kafin a haife mu yana nan, amma littafi ne ya zana min kamanninta tun kafin abin ya faru, da ya faru sai kawai na ce ga ta nan. Bayan 'yan watanni ta tattara ta koma ƙauyensu, daga baya muka ji rasuwarta. Allah ya jiƙanta ya yafe mana.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce babu aljanu ba, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, ban ce babu sihiri ba, muna neman tsari da shi safe da yamma. Abin da nake cewa shi ne ki ɗauki littattafan ban tsoro goma da kika karanta ki duba su wa ake ɗora wa mugun abu. Kishiya ce, uwar miji ce, 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye, Bamaguje ne, mutumin kudu ne mai baƙon yare, mai farfaɗiya ne ko mai taɓin hankali da ya kamata a kai asibiti. Ita kuwa wadda ake so mu tausaya wa kusan kullum fara ce 'yar masu kuɗi mai dogon gashi. Wannan ra'ayi ne fa, ra'ayi ne kan wa ya cika mutum wa bai cika ba, kuma shi yana shiga ne ba sallama saboda lokacin da kike jin tsoro ba kya gardama da abin da ake gaya miki. Jawabin kamfe kina ganinsa kin san shi, kina iya tsallake fejin. Wannan kuwa da shi za ki kwana ki tashi ki fita layi.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Ɗana da yake karanta na Turanci ya ba ni labarin wani marubucin Amurka H.P. Lovecraft da ya mutu a 1937, wanda ake ɗauka cikin manyan masu rubutun tsoro, amma mutum ne mai tsananin ƙyamar baƙar fata da baƙi, kuma ƙyamar tana nan a cikin dodanninsa. Shekaru ana ba da wata kyautar marubuta da mutum-mutumin kansa, sai a 2015 aka sanar an daina saboda wannan dalilin, amma kuma ba a daina karanta shi ba, ana karantawa ne ido a buɗe.

To ni yadda nake yi yanzu. Akwai marubuciyar da na san ba ɓangarenmu ɗaya ba, duk zaɓe sai ta saka hoton ɗan takararta, ni kuma ban taɓa dangwala masa ba kuma ba na jin zan yi, amma duk littafin da ta fitar sai na biya, saboda ta taɓa rubuta labarin da gari ya taru a kan wata tsohuwa, ta bar mu muka zauna a ɗakin tsohuwar muna jin duwatsu suna sauka a kwano, abin tsoron ya zama mutanen gari ne da kansu. Kuka na yi wallahi, don ni na san a wane ɓangaren ƙofar na tsaya. Akwai kuma wata da ra'ayinmu na siyasa ɗaya sak, na bar guruf ɗinta tun bara, littafi uku a jere 'yar aiki ce mayya, na bi ta ta gefe na yi mata magana cikin mutunci ta ce min ai haka masu karatu suke so.

Don haka 'yar uwa ni ba zan ce ki watsar don ta taɓa gwaninki ba. Ki ƙara feji biyar ko goma ki gani, in ta huce ta koma kan labarinta ki bi ta, in kuma ta mayar da littafin dandalin kamfe to kuɗinki ne da datarki, ki fita ba tare da zagi ba, in kina da hali ki tura mata saƙo ke da ita ki gaya mata daidai inda tsoron ya sake ki, marubuta da yawa suna ji in ba a gaban jama'a aka yi musu ba. Amma dan Allah in kin koma ki duba min wa ta ɗora wa maitar a labarin, ki dawo nan ki faɗa min, da kuma sunan littafin in babu damuwa, ina so in karanta da kaina.