Rufe kwamfutar nan, ɗauko biro

Ka ce Alhajin nan mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ba ka aikin shafin intanet, kana tambayata wane samfuri, wato shiryayyen fasalin shafi, na manhajar gina shafuka ta WordPress za ka ɗora masa, har kana nuna min masu hotuna suna zagayawa. Ɗana, ka yi riga malam masallaci. Ina ka taɓa ganin magini yana zaɓen fenti alhali ba a haƙa tushe ba?

Gobe ka koma shagon, ka samu benci ka zauna, ka ja bakinka ka yi shiru kamar awa biyu. Saurari abin da masu saye ke tambaya. Nawa ne turmi? Akwai wannan zanen a wata kala? Kuna ba da sari? Za a iya sa min a mota zuwa Maraɗi? Rubuta su duka. Waɗannan tambayoyi su ne shafin, sauran duk kwalliya ce. Na san Alhaji zai ce a fara da tarihinsa da hotonsa cikin babbar riga. Kada ka yi masa musu, dattijo ne. Ka ce "to, ranka ya daɗe", ka ware masa wurinsa daga ciki, amma ƙofar gida ta kaya ce.

In ka dawo, yayyanka takarda ƙanana, kowace ka rubuta abu ɗaya, ka baza su a tebur ka kasa su kashi-kashi: atamfa, shadda, leshi, yadda ake oda. Ka kasa su yadda mai saye ke kiran su, ba yadda aka jera su a sito ba. In kason ya wuce biyar, akwai waɗanda ya kamata su haɗu.

Sai zane. Ja akwati siriri, faɗin wayar hannu, don da waya abokan cinikinsa za su shigo, kuma Google ma siffar waya yake dubawa wajen jera shafuka. A saman akwatin nan, kafin yatsa ya ja ƙasa, mutum ya ga abu uku: me ake sayarwa, a ina shagon yake, ina zai taɓa ya yi magana da mai shago. Maɓallin WhatsApp ya isa, da ma a can ake ƙare ciniki.

Hotuna kuwa, nan yara irinku ke kashe aiki. Hoton da ka ɗauka da waya yakan kai megabayit 4. Jera 20 a shafi ɗaya, ka ci wa baiwar Allah megabayit 80 na datarta kafin ta ga zani na uku, in ma ta jira. Rage kowanne ya koma ƙasa da kilobayit 200, ka mai da shi WebP, wato nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi. Kuma ka ɗauki hoton a hasken rana, domin shadda a ƙarƙashin fitilar shago kalarta ƙarya take yi, sai kaya su isa a ce ba shi aka zaɓa ba.

Rubutun ma a gama shi kafin gini, da ainihin Hausar da za ta zauna a wurin. Ni na sha wannan. Na taɓa yi wa wata makaranta shafi, na cike gurabe da rubutun wucin gadi, komai ya yi tsaf. Ranar da aka kawo na gaske, salon haruffan da na zaɓa ashe ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, suka fito wani iri daban a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka, ga kalmomi sun tumbatso daga cikin maɓallai. Kwana biyu na yi ina warwara. Tun daga ranar, kafin in amince da kowane salo sai na buga "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" na gani.

Ka kuma tambayi Alhaji wa zai riƙa sauya farashi in dala ta motsa. In babu kowa, kada a rubuta farashi. Sunan shafin, ko .com.ng ne ko wani, a yi rajistarsa da sunansa, ba naka ba, ka kuma gaya masa duk shekara ake sabuntawa.

Ranar Alhamis ka zo min da tambayoyin da zanen takardar. In na duba, sai mu yi maganar samfuri.