Manhajar saurin kunna kwamfuta: in biya kuɗin ko in cire ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya. Na sayi laftof ta hannu mai Windows 10, RAM ɗinta giga 4. Idan na kunna ta, sai in dafa shayi in dawo ba ta gama tashi ba. Wani ɗan ajinmu ya saka min wata manhaja da aka ce tana sa kwamfuta saurin tashi. Na danna maɓallin gyara, ta ɗan yi dama-dama, amma tun ranar maɓallan haske da na sauti suka daina aiki. Kullum kuma tana nuna min jan rubutu wai akwai ɗaruruwan matsaloli, sai na biya za ta gyara. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ko kwabo kada ki biya. Jan rubutun nan talla ne. Yawancin abin da irin waɗannan manhajoji ke ƙirgawa a matsayin matsala tsofaffin bayanai ne da ke kwance a rajistar Windows, wato kundin da yake ajiye saitunansa, ba su hana kwamfuta komai, kamfanin Microsoft ma bai goyi bayan amfani da masu share rajista ba. Abin yana sosa min rai, domin ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi ake tsoratarwa da shi.

Ga abin da ya faru da laftof ɗinki. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, akwai manhajojin da ke tashi tare da ita. Wasu cunkoso ne kawai, wasu kuma su ke riƙe da maɓallan Fn (irin na haske da na sauti), da sautin kansa, da faifan da ake jan yatsa a kai. Manhajar taki ta yi musu kuɗin goro ta kashe, shi ya sa kika ga ɗan sauri kika kuma rasa maɓallanki.

Kada ki yi gaggawar cire ta. Fara buɗe ta ki nemi inda aka rubuta Restore ko Undo ko Backup, ki mayar da abin da ta canza, domin idan kika cire ta tukuna, ajiyar na iya tafiya da ita. Bayan nan ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Startup. Duk abin da ke ɗauke da sunan kamfanin laftof ɗinki, ko Realtek, ko Synaptics, idan an rubuta Disabled a gabansa, ki mayar da shi Enabled. Waɗanda za ki kashe su ne irin su Spotify da Teams idan ba kullum kike buƙatarsu ba, musamman masu alamar High. Kashewa a nan ba gogewa ba ce, suna nan duk ranar da kika neme su. Wannan shi ne aikin da ake neman ki biya a kansa, alhali yana cikin Windows kyauta.

Daga nan ki zaɓi Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup wanda ke ajiye wani ɓangare na tsarin a faifai idan an kashe, don haka matsalar jiya kan tashi tare da ke yau. Restart ne ke farawa daga tushe. Idan maɓallan sun ƙi dawowa, rubuta Create a restore point a wurin bincike, ki shiga System Restore ki zaɓi ranar da ta gabaci saka manhajar. Ba ya taɓa takardunki da hotunanki. In babu wata rana a ajiye, sai ki sauko da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa maɓallan da sauti aiki, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar samfurinta da ke rubuce a ƙarƙashinta. Komai ya daidaita, sannan ki cire manhajar.

Sai dai ina zargin asalin ciwon ba a nan yake ba. A Task Manager ɗin, shiga Performance ki duba Disk. Idan kin ga HDD, kuma yana maƙale a 100% mintuna bayan kunnawa, to faifan ne ya kasa ɗaukar nauyin aikin. Tsohon faifai ne mai juyawa da allura a ciki, babu manhajar da za ta sa shi gudu. Kuɗin da za ki ba masu jan rubutu ki tara ki sayi SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, ko da mai giga 256 ne. Na sha ganin laftof ɗin da mai ita ya fitar da rai da ita, aka canza mata faifai, kafin ya gyara zama ta tashi. In da hali ki kai RAM giga 8. Idan SSD ɗin na hannu ne, ki sa mai shago ya nuna miki lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo a gabanki, kuma ki kwashe aikin makarantarki a filashi kafin kowa ya kwance ta.

Kafin ki zuba kuɗi da yawa, ki sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Idan taki ta girmi haka, ki tsaya a SSD kawai, domin shi kina iya cire shi ki mayar a wata laftof ɗin da ta dace da shi ranar da kika canza.