Tsugunno kan akwati ko tsugunnon da aka saba? Amsoshin wasiƙun 'yan tsere

Koci, ina gudun mita 100 da 200, shekarata 19, wata takwas ke nan da fara ɗaga ƙarfe. Abokan atisayena sun ce in bar tsugunnon da aka saba in koma na akwati, wai shi ke ƙara gudu. Wanne zan riƙe?

Ƙanena, riƙe wanda ka fara da shi tukuna. A tsugunnon da aka saba, sandar ƙarfe mai nauyi na kan kafaɗunka, kana sauka ka taso babu tsayawa. Nama da jijiyoyi suna miƙewa kamar danƙo, su mayar maka da ƙarfin yayin tasowa. Aikin da ƙafa take yi a tsere ke nan, don gwanin gudu idan ya kai ƙololuwa, ƙafarsa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. A na akwati kuwa, ƙugu kake turawa baya har ka zauna kan akwatin, ka dakata daƙiƙa ɗaya, sannan ka zabura. Dakatawar tana rage taimakon danƙon, dole ƙarfin ya fito daga tsaye cik. Ƙwauri yana zama kusan a miƙe, nauyi ya koma kan ɗuwawu da bayan cinya. Wannan ya fi kama da fita daga matokari, wato abin da ɗan tsere ke tokare ƙafafu da shi a layin tashi, inda gwiwar gaba take lanƙwashe kusan digiri 90, ba ka da damar motsi sai bindiga ta tashi.

Louie Simmons ne ya yayata salon akwatin a gidan horonsa na Westside Barbell da ke Ohio a Amurka, kuma masu gasar ɗaga nauyi ya riƙa horarwa a asali, masu ware ƙafa sosai. Kai ba nauyi za ka ɗaga ranar gasa ba. Ka tsaya kan wanda aka saba har ka iya sauka, cinya ta yi daidai da ƙasa, ɗauke da ninkin nauyin jikinka ɗaya da rabi, baya bai tanƙware ba. Daga nan ka ƙara akwati sau ɗaya a mako: kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iyakar abin da kake ɗagawa, sau biyu-biyu, zagaye takwas, hutun minti ɗaya. Da ka ji sandar ta fara nawa wajen tashi, ka ajiye. Kuma gudu ne farko, ƙarfe daga baya.

Malam, daƙiƙa nawa akwati zai rage min a mita 100?

Haba! Akwati ba ya gudu. Duk wanda ya ba ka adadi ƙarya ya yi maka. Je ka fili ka gyara tashi da taku.

Koci, zan haɗa kayan atisaye a gida. Na ga akwatin soso mai laushi da sanda mai araha a intanet, ga bel da takalmin ɗaga ƙarfe. Kuɗin ba za su kai duka ba. Me zan fara saya?

Wasiƙa irin wannan ita ke tayar min da hankali, don ka lissafa komai ban da abin da zai ceci bayanka. Ina maratayin sanda mai ƙarafunan tare sandar a gefe idan ta kuɓuce? Shi ne na farko. Mai tsugunno kan akwati idan nauyi ya fi ƙarfinsa a zaune yake, ba shi da hanyar jefar da sanda baya kamar mai tsaye, akwatin ya tare shi. Ƙarafunan tarewar a ɗaura su ƙasa kaɗan da inda sanda take idan ka zauna. In babu su, kada ka yi kai kaɗai.

Akwatin soso na tsalle ne. Ka zauna kansa da kilo ɗari a wuya, ya lotse gefe guda, ƙugu ya karkace, ƙashin baya ya murɗe. Haka kujerar roba, haka bulo da aka jera. Akwatin katako mai kauri, mai faɗin gindi, wanda ba ya zamewa, kafinta ma zai yi maka shi. Tsayinsa shi ne inda cinyarka ta yi daidai da ƙasa, ga yawancin mutane tsakanin santimita 30 da 40. Bencin ɗaga ƙarfe yana kai 42 zuwa 45, ya yi wa mutane da yawa tsayi, kuma siriri ne.

Sanda kuwa, araha ba ta ado. Ta gaskiya ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kilo 15. Ɗora ta kan sikeli kafin ka biya. Mirgina ta a daɓe mai santsi: idan tana tangaɗi, a lanƙwashe take. Juya hannuwanta inda faifan nauyi ke shiga, su juya ba gargada. Idan ka ga ƙaton ƙusa mai noti ne ya riƙe bakin hannun, bar ta, yana kwancewa da amfani. Faifan ma ka auna su ɗaya-ɗaya. Na jabu an rubuta 20 a jikinsu amma nauyin ya sha bamban, sai ka yi watanni kana ɗora wa ƙafa ɗaya fiye da 'yar uwarta ba ka sani ba. Ɗan tseren da ƙafafunsa ba su yi daidai da ƙarfi ba, shi ya san zafin tsagewar bayan cinya.

Ko da kayan kirki, kuskure biyu ke raunata mutane. Na farko faɗawa kan akwati: nauyi daga sama, katako daga ƙasa, ƙashin baya a tsakiya. Sauka a hankali, kamar ƙwai ne a kai. Na biyu sakin jiki bayan an zauna, ko yin lilo baya don samun zabura. Ciki da baya su zauna a ɗaure, numfashi a riƙe, tafin ƙafa manne da ƙasa. Bel da takalmi su jira, kuɗinsu ya tafi maratayi.

Koci, 'yata tana da shekara 16, tana gudun mita 200. Gaban gwiwarta na ciwo idan ta tsuguna sosai. Ina tsoron kada ƙarfe ya lalata ta.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya da wuri. Nan ne akwati yake da amfani na gaske, don ƙwauri a miƙe yana sauƙaƙa wa gaban gwiwa. Ta fara da akwati mai tsayi, inda ciwon bai soma ba, da ƙaramin nauyi riƙe a ƙirji, sau shida, zagaye uku, mai horarwa na tsaye a kanta. Duk mako biyu a rage tsayin da santimita biyu ko uku, in babu ciwo washegari. Amma idan gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sagewa yayin tafiya, a dakatar da ƙarfen da gudun gaba ɗaya, a kai ta wurin likitan ƙashi ya duba.