Dalilin da ya sa Mamanki ba ta kiran sunanki

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya bayan isha'i, ban amsa ba ne saboda ina so in zauna da kyau in rubuto miki. Kin ce a littafin da kika karanta, na yarinya Balarabiya da ta tashi a Amurka, uwarta kullum tana kiran sunanta tana ce mata habibti, ita uwar ma da sunan babban ɗanta ake kiranta, Ummu wane. Ke kuma shekararki sha shida baki taɓa jin sunanki a bakin Mamanki ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", shine kike tambaya wai mu ne muka kauce wa addini ko kuwa dai ba ta sonki kamar ƙannenki. Wallahi wannan ta biyun ita ta hana ni barci.

Toh ke 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanshi, ba ta mishi wasa gaban mutane, a da ma in an yaye shi kaka ce ke ɗauka ta riƙe. Kakarku Allah ya jiƙanta har ta koma ga Allah ban ji ta faɗi sunan Babanku babba ba, in tana nemanshi sai ta ce "ina wannan yake" kuma duk gidan mun san wa ake nufi. Hikimar ita ce yarinya ta haihu tana ƙarama a tsakiyar surukai, in ta nuna rawar kai a kan ɗanta sai a ce ba ta da ta ido, in ta kau da kai kuma sai dangi kowa ya ja yaron jiki, ya zama ɗan kowa. Wannan al'ada ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, kuma ban san malamin da ya ce wadda ta yi ko ta bari ta yi zunubi ba.

Su Larabawa nasu ya bi ta wata hanya. Kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane girmamawa ce, Annabi (SAW) ma Abul Ƙasim ake ce mishi, Nana A'isha kuma da ba ta haihu ba aka yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan yayarta Asma'u. Kin ga abin sha'awa, wannan sunan da Larabci kunya suke ce mishi, mu kuma kunyarmu ita ce ke hana mu faɗin sunan. Su suna ɗaga ɗan fari ta hanyar ambatonshi, mu ta hanyar sakaya shi.

Ni ba na faɗa da littattafan nan, kar ki ji kamar zan ce ki daina. Wanda kika bari a ɗakina zuwanku na ƙarshe, na Randa Abdel-Fattah da ya fito a 2005, labarin yarinyar nan 'yar asalin Falasɗinu a Ostareliya da ta yanke shawarar fara sa hijabi, sau biyu na karanta shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 yaran Musulmi a ƙasashen nan sun sha kallo da tambayoyi, dole su so labarin da zai nuna su mutane ne masu gida da iyaye da dariya. Abin da nake so ki lura shine mai rubutu gidansu take rubutawa. Abincin da ke ciki da yadda ake runguma da sumbatar goshi duk na mutanen Sham ne, kar ki ɗauke shi sikelin auna musuluncin Mamanki. Ku da kuke Michigan ma ga Dearborn nan kusa da ku, inda aikin kamfanin motar Ford ya tara 'yan Labanan da Yaman, ki je gidan tarihin Larabawan Amurka da aka buɗe a 2005 za ki ga da yawa cikin na farkon zuwa Kiristoci ne, kuma su ma Ummu wane suke cewa, su ma habibti suke cewa.

Zaman baƙunci shi ke kawo wannan ruɗanin. A Kano kina da ƙawaye goma 'yan fari duk haka ake musu, babu mai tambaya. Can kuwa ke kaɗai ce, babu kaka babu goggo a kusa da za su cike gurbin da uwa ta bari da gangan, shiyasa na ce wa Mamanki tun tuni ta ɗan sassauta, don al'adar da dangi take tafiya kuma dangin muna nesa. Zan sake yi mata maganar, amma ke kar ki tsare ta da tambaya, nauyi za ta ji ta ƙara rufewa.

Kina da wata bakwai kika yi ƙyanda, kafin ku tafi. Da rana ni ke goya ki, ita ko kallonki ba ta yi gaban Kaka. Cikin dare na farka na same ta zaune a ƙasa ta ɗora ki a cinya tana tofa miki addu'a tana kuka, da ta ga na buɗe ido sai ta yi maza ta ajiye ki wai ruwa ta tashi sha. Ki kira ni ran Lahadi in kin tashi, sauran labarin da baki zan baki.