Tambaya da Amsa: Me ya sa hotona ke fita dishi-dishi duk da na'urar hana girgiza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Zariya. Na sayi gilashin kyamara mai hana girgiza, amma hotunan da nake ɗauka a wurin dina da daddare, musamman lokacin rawa, har yanzu suna fita dishi-dishi. Shin in koma kyamarar da ke da wannan fasaha a cikin jikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe kuɗi, yana da kyau ka san cewa rawar hannun mai ɗauka kaɗai wannan fasaha ke gyarawa. A cikin gilashin akwai ƙananan na'urori masu jin motsi, waɗanda ke tura wani ɓangaren gilashin zuwa kishiyar inda hannu ya karkata. Kamfanin Canon ya fito da irin wannan gilashi a 1995, mai tsawon milimita 75 zuwa 300. A 2003 kamfanin Minolta ya bi wata hanya a kyamarar DiMAGE A1, inda allon da ke karɓar haske a cikin jikin kyamarar ne da kansa ke motsawa. Kamfanin Olympus ya kai gyaran ga nau'o'in motsi biyar a kyamarar E-M5 ta 2012, har da murɗawar da hannu ke yi yayin danna maɓalli, wadda gilashi ba ya iya gyarawa. A 2020 kuma Canon ya ce kyamararsa R5, idan jiki da gilashi suka yi aiki tare, tana kaiwa mataki 8 na hana girgiza, inda kowane mataki ninka lokacin shigar haske yake yi.

Ga inda matsalarka take. A tsohuwar ƙa'ida, gilashi mai milimita 200 yana buƙatar lokacin shigar haske da bai wuce kashi 1 cikin 200 na sakan ba. Da mataki 4 kuwa za ka iya sauka zuwa kusan 1 cikin 13 ba tare da hannunka ya ɓata hoton ba. Sai dai a wannan ɗan lokaci mai rawa ta riga ta juya, don haka bango da kujeru za su fito tangaran, ita kuwa ta fito kamar inuwa. Tsayar da ita yana buƙatar kusan 1 cikin 250 ko abin da ya fi haka sauri.

A ganina, gilashi mai faɗin baki kamar f/1.8, da ƙara ISO (ƙarfin jin haske na kyamara), da filasha mai kyau su ne maganinka, kuma sun fi sabuwar kyamara araha nesa ba kusa ba. Hana girgiza ta cikin jiki za ta yi maka amfani a bidiyo, da kuma lokacin da amarya da ango ke zaune.