Tambaya da Amsa: Tasowa daga ƙaramin filin jirgi a Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a garin Pau, kudu maso yammacin Faransa, kuma zai zo hutu. Shin ya taso daga ƙaramin filin jirgin garin, ko ya bi jirgin ƙasa zuwa Paris?
Wani mahaifi, Injamena

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina ya taso daga Pau, da sharaɗin tikiti ɗaya ya haɗa tafiyar har Injamena, domin ta haka za a auna akwatinsa a can, ba zai sake ganinsa ba sai a filin jirgin Hassan Djamous na Injamena, kuma idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sama masa wani. Mai tikiti biyu kuwa shi zai ɗauki asararsa.

Ƙanƙantar filin kada ta ruɗe shi. Layi gajere ne, amma jiragen kaɗan ne a yini, kuma filin yana wajen gari, saboda haka ya shirya motar da za ta kai shi tun daren da ya gabaci tafiyar, musamman idan tashin asuba ne. Turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ya shiga babban akwati.

A filin Charles de Gaulle na Paris, inda zai sauya jirgi, za a duba fasfonsa, tunda a nan zai fita yankin Schengen (ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba tare da binciken fasfo ba), kuma sauya zaure, wato tafiya daga wani sashen filin zuwa wani, yana cin lokaci. Ya tabbata katin izinin zamansa a Faransa ba zai ƙare kafin ranar komawa ba.